Raka 'Yan Matan Ƙwallon Ragar Bakin Teku Gasar Waje: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk wadda aka ɗora wa nauyin raka 'yan wasan ƙwallon ragar bakin teku zuwa ƙasar waje, abin da ya kamata ya fara zauna mata a kai shi ne 'yan wasanta biyu ne rak. A ƙwallon raga ta cikin ɗaki mutum shida ne a fili, ga wasu a benci suna jira. A kan yashi kuwa babu benci, babu canji. Ɗaya ta kasa shiga fili, an ba abokan karawa wasan, ko da ɗayar ta fi kowa duka a nahiyar. Kamar takalmi ne, in ƙafa ɗaya ta ɓata, ɗayar sai ajiya. Sababbin masu rakiya suna jin wannan su gyaɗa kai, sannan su je su tafka kurakuran da na kusa haddacewa saboda yawan gani.

Bari na fara da wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, wato bizar yada zango. Kowa ya san a nemi bizar ƙasar da za a je. Abin da ba a tambaya shi ne ta ina jirgin zai bi. Mai fasfon Najeriya, haka na Gana, yana cikin waɗanda dokar yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta ce sai da wannan biza, ko da canjin jirgi kawai zai yi a Faris ko Lisbon, ko da ba zai leƙa waje ba. Birtaniya ma tana da irin tata. In kuwa tikitin ya ratsa filayen jirgi biyu a cikin yankin, ko sai an fita an karɓi kaya an sake aunawa, to ta yada zangon ma ba ta isa ba, sai cikakkiyar bizar shiga. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, irin mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan da ba ta ƙare ba. Nan tarkon yake, domin manyan jami'ai galibi suna da irin waɗannan, sun saba wucewa salin-alin, sai su ɗauka kowa ma haka ne.

Wata shekara gasar a wata ƙasar Afirka ta Yamma za a yi, inda fasfonmu ya wadatar. Wanda ya yanki tikiti ya duba mai araha, ya ga wanda ya zaga ta Turai ya dawo, ya biya. A wurin auna kaya ma'aikaciyar ta amshi fasfo, ta juya shafi, ta sake juyawa. Ɗaya cikin yarana tana da biza mai rai daga wata tafiyar, aka ba ta katin shiga jirgi. Ɗayar babu. Na yi magiya, na nuna takardar gayyata, na nuna sunayensu a jadawalin gasa. Matar ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in na bar ta ta hau, kamfaninmu za a ci tara." Gaskiyarta ce. Kafin a haɗo kuɗin wani tikitin, an rufe tantance 'yan wasa, an cire sunanmu. Yarinyar da ta yi wata da watanni tana atisaye cikin rana ta zauna kan akwatinta tana kuka, tana cewa, "Anti, me zan ce wa Baba?" Uban da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ta yi wasan. Bai sake barinta ba.

Tun daga nan ba a yankar mana tikiti sai na ga hanyar da idona, zango bayan zango. In akwai ta Adis Ababa ko Kasablanka, ita nake zaɓa ko ta fi tsada, kuma ita ma sai kamfanin jirgin ya faɗa min ƙa'idar wucewa a rubuce. In gasar a Turai ce, ku daina jiran a saki kuɗi kafin ku nemi takardar gayyata. Ana karɓar takardun bizar Shengen tun wata 6 kafin tafiya, doka ta ba ofisoshin jakadanci kwana 15 su yanke hukunci, ta kuma yarje musu su kai 45, ban da wahalar samun ranar ganawa. Suna son inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata 3 bayan ranar fita, mai shafi biyu babu komai. Ni dai fasfon da bai kai wata 6 ba, sabuntawa nake sa a yi. Katin rigakafin shawara kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, don haka allurar jajibirin tafiya aikin banza ce. Daɗinta tun 2016 sau ɗaya ake yi har ƙarshen rayuwa.

Na biyu shi ne jakar magani, kuma a nan ba na sassauta wa kowa. Haba jama'a! Yarinya za ta wakilci ƙasa, a bar ta ta shiga kemis ta ce gwiwa na ciwo, a ƙullo mata haɗin ƙwayoyi kala huɗu a leda babu suna? Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari tana sabunta jerin haramtattun magunguna ranar 1 ga Janairun kowace shekara, kuma dokarta ita ce duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa shi ke da alhaki. Ban sani ba, ko Mama ce ta ba ni, ba sa wanke mutum, kuma dakatarwar kan kai shekara 2 ko 4. Tun 1 ga Janairun 2024 tramadol ya shiga jerin abin da aka hana lokacin gasa. Wasu magungunan mura suna ɗauke da pseudoephedrine, wanda in ya wuce ƙima a fitsari laifi ne. Dexamethasone da prednisolone, da ake cusawa cikin haɗin ciwon jiki da magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe, an hana shan su lokacin gasa. Lokacin gasar kuwa yana farawa ne ƙarfe 11:59 na daren jajibirin wasa.

Mun taɓa isa otal lafiya lau, ina duba kayan yara sai ga ƙullin ƙwayoyi cikin safa. Ta ce tun a gida take sha, har a jirgi. Likitan gasar ya duba ya gane ɗaya, ya kalle ni ya girgiza kai. Janyewa muka yi, muka zauna a kujerun 'yan kallo kamar baƙi, ga kuɗin jirgi da na otal sun riga sun tafi. Gara hakan da a dakatar da ita shekaru, amma ban yi barci ba a garin nan. Yanzu al'adata, makonni kafin tafiya kowace yarinya ta juye min duk abin da take sha a kan tabarma: na asibiti, na kemis, jiƙe-jiƙen gida, garin da Goggo ta ƙulla, har shayin rage tumbi. Abin da ba shi da suna da kwali ba ya bin mu. Mai asma ko wata larura, likita ya duba ko tana buƙatar takardar izinin magani ta TUE, a nema tun da wuri. Ban da gasa ma akwai kwastan. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara 3 saboda tramadol da ta shigo da shi a akwati. In aka kira yarinya gwajin ƙwayoyi, ku bi ta, tana da haƙƙin zuwa da wakili, mace ce za ta sa ido wurin ba da fitsari, kuma za a nemi ta rubuta abin da ta sha cikin kwana 7.

Sai maganar sutura, wadda ake bari sai an je can a fara gardama. Har yanzu akwai iyayen da suke zaton dole sai da ɗan kamfai ake wasan. Tun 2012 hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta amince da wando da riga mai hannu. A Olamfik ta Rio a 2016 Doaa Elghobashy ta Masar ta buga a bakin tekun Copacabana da hijabi da dogon wando, ta kuma dawo a Faris a 2024. Ta ɗaya ɓangaren, a 2021 Karla Borger da Julia Sude na Jamus sun ƙi zuwa gasar Doha saboda ƙa'idar rufe jiki da aka sa da farko. Kowa dai yana da inda ya tsaya, kuma a gida ake gama wannan magana, da yarinyar da iyayenta, ko mijinta in tana da aure. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne kayan su biyun su zo iri ɗaya, launi ɗaya, da lamba 1 da 2. A wasu gasannin masu shiryawa ke raba riga, kuma tasu guntuwa ce, don haka a rubuta musu tun da wuri a ce ga abin da za mu sa. Ku kuma tsaya a kan mai buga rubutu: alamar Najeriya NGR ce, NIG ta Nijar ce. Na ga rigunan da aka ɓata a kan wannan.

Isa gari daren jajibirin wasa don a rage kuɗin otal, wannan rowa ce mai tsada. Yaran da suka yi atisaye a filin yashi na Kaduna ko Abuja ba su san iskar teku ba, wadda saboda ita da rana ne ake musanya ɓangare duk bayan maki 7, a zagaye na uku kuma bayan 5. Wani wurin ma ba tekun ba ne matsalar. Gasar duniya ta 2023 a Tlaxcala ta Mekziko aka yi, sama da mita 2,000 daga doron teku, inda numfashi ke sarƙewa ƙwallo kuma ta zarce yadda aka saba. Gstaad ta Suwizalan, inda ita ma ake gasa, cikin duwatsu take, ana iya tashi da ruwa da sanyi a tsakiyar Yuli. Ni kwana uku kafin wasa nake nema, in an matsa min na karɓi biyu.

Ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Kayan wasa a jakar hannu suke tafiya, akwati kan ɓata. A sace iskar ƙwallo, a tafi da famfo da allurarsa, kuma a yi atisaye da irin ƙwallon Mikasa da za a buga da ita. Safar yashi, gilashin rana da man kariya daga rana, kada a ce baƙar fata ba ta ƙonewa, tafin ƙafa dai yana salewa. Kilishi da dambun nama su tsaya a gida, Tarayyar Turai ta hana shiga da nama, Ostareliya kuwa har tara take ci. Yaji da garin kunu nakan ɗauka, in an tambaya na nuna. Audugar mata a saya tun a gida. Wadda ba ta kai 18 ba, da takardar amincewar iyaye. Taron tantancewa ba a aika wakili, su biyun za su je da fasfonsu da rigunansu. Kada a kwaso 'yan ƙwallon raga ta cikin ɗaki mako biyu kafin gasa, domin a kan yashi tare ƙwallo a raga taɓawa ɗaya ce cikin uku, kuma ba a ɗosana ta da buɗaɗɗun yatsu.

Akwai biyu da ba na yin ciniki a kansu. Ɗakin 'yan wasa babu namijin da zai shiga, ko koci ne ko shugaban tawaga. Duk maganar da za a yi, a yi ta a falon otal ina zaune. Wannan alkawari ne da nake ɗaukar wa iyaye kafin su sa hannu. Sai kuɗin guzuri. A ba kowace nata a hannu, dala ko Yuro, kafin a bar gida, ta sa hannu ta karɓa. Kar a dogara da katin banki na naira, yakan ƙi aiki a inda ake tsananin buƙatarsa. In an ce sai an dawo za a biya, ku tambayi jami'an da ke cikin tawagar ko su ma sai an dawo za su karɓi nasu.