Yadda zaka dawo da sifaya makullin mota ya ci gaba da aiki

Kafin ka kai makullin nan wajen mai rewaya ya caje ka kuɗi, fara gane me ya lalace, don abu biyu ne a ciki, akwai remot mai buɗe ƙofa, akwai kuma ɗan cip da ke cikin kan makullin wanda shi ke ba injin izinin tashi.

In remot ne ya daina, fara da batir, makullin da ya shekara biyu a durowa yawanci batirinsa ne ya mutu. Buɗe shi ka duba lambar da ke jiki, CR2016 ko CR2032 ko makamancinsu, ka sayi irinsa sak.

In ka canza batir still shiru, kuma motarka Toyota ce ta wajen 2003 zuwa 2008 irin su Corolla da Camry, zaka iya seta shi da kanka. Shiga ka zauna, ƙofar direba a buɗe, sauran a rufe. Sa makulli a ramin tada mota ka zare sau biyu cikin sakan 5 ba tare da ka murɗa ba, sai ka rufe ƙofar ka buɗe sau biyu, ka sake sa makulli ka zare sau ɗaya, ka sake rufe ƙofa ka buɗe sau biyu, sannan ka sa makullin ka rufe ƙofa ka murɗa zuwa ON ka dawo sau ɗaya ka zare. Zaka ji makullan ƙofofi sun kulle sun buɗe da kansu. Nan take danne maɓallin kullewa da na buɗewa tare kamar sakan ɗaya da rabi, ka saki, ka danna na kullewa shi kaɗai. In makullan ƙofofin sun motsa sau ɗaya, ya karɓa. Sau biyu kuwa bai karɓa ba, sake daga farko, kuma da hanzari, yawanci jan jiki ne ke ɓata aikin.

Amma fa remot ɗin ya dace da motar, don siginar da suke aikawa ta bambanta, na Amurka 315 MHz ne, na Turai 433, in ka haɗa na can da motar nan duk ƙoƙarinka ba zasu jitu ba.

In kuma makullin na murɗawa amma injin ya ƙi kamawa, ƴar fitilar tsaro a dashbod tana ta ƙiftawa, to cip ne motar bata gane ba. Wannan yawanci sai masu kwamfuta, su jona na'urarsu a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari su yi masa rajista. Tafi da babban makullin da ke aiki, da shi aikin ƴan mintuna ne, ranar da ya ɓace kuwa wasu motocin sai an taɓa kwamfutar motar kanta kuma kuɗin ba kaɗan ba. Kafin ka baro wajen gwada makullan duka biyu, don wani lokaci wurin saka sabo ake goge tsohon.