Kurakuran masu haƙo gwal su ƙera da kansu su sayar

Yanzu duk yaron da ya yi wata shida a rami ya tara 'yan giram, sai ya ce ya gaji da dillalai, shi ma zai ƙera ɗan kunne da sarƙa ya sayar wa mata kai tsaye. Tunanin ba laifi, ni ma da shi na fara. Abin da ya ishe ni shi ne duk wanda ya zo shagona neman shawara, ramin da na faɗa shi yake shirin faɗawa, kuma in ka gaya masa sai ya ce ai nasa gwal ɗin daban ne.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa abin da ya fito daga ƙasa tsantsa ne, karat 24. Ina! Gwal ɗin ƙasa kusan kullum da azurfa a jikinsa, wani da jan ƙarfe, wani kuma da dalma, musamman na wajen Anka da Bukkuyum inda dutsen gwal da na dalma suke cakuɗe. Boras da kake zubawa wajen narkawa datti yake kwashewa, ba ya raba gwal da azurfa. Za ka ga dunƙule ya fito jawur yana sheƙi, ka ce shi ke nan.

Haka na ce, shekarun baya kafin a hana haƙa a Zamfara. Wata Hajiya tana haɗa wa ɗanta lefe, na ƙera mata awarwaro biyu da gwal ɗin da na haƙo da hannuna. Tun wajen bugu na ga gefen yana 'yar tsagewa kamar busasshen tuwo, na sake narkawa, na lallaɓa, na goge, na rufe ido. Na ce mata karat 22 ne, ba don na gwada ba, don launin ya yi mini kama. Bayan biki da 'yan watanni amarya ta matsa ɗaya za ta sa, ya karye gida biyu. Suka kai wajen 'yan gwal a Kano, aka goga a dutse aka ɗiga asid, bai kai 20 ba. Hajiya ta zo har shago, ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye gutsattsarin a kan sikelina ta ce, "Malam, ni kunyar surukai ka jawo mini, kuɗin ba shi ne damuwata ba." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Na biya kuɗin duka, kuma daga unguwar nan ban sake samun aiki ba har yau.

Dalma ce ta karya shi. Ko 'yar ƙanƙanuwa ce, wadda sikeli ba zai nuna ba, tana sa gwal ya yi gautsi. In ka ga tsagewa wajen bugu ko wajen jan waya, tsaya nan, kada ka ce wuta za ta gyara.

Abin da nake yi yanzu: ba na ƙera komai da ɗanyen gwal. Ina kai wa masu tacewa, a cire azurfa da sauran tarkace, in karɓi tsantsa, sannan in haɗa karat ɗin da nake so da hannuna. Lissafin ba wuya. Karat 18 kashi 750 ne na gwal tsantsa cikin 1,000, karat 21 kashi 875, karat 22 kashi 916. Giram 10 na tsantsa zai ba ka giram 13.3 na karat 18, ko giram 11.4 na karat 21. Wasu maƙera suna cewa kuɗin tacewa asara ne in ɗanyen yana da kyau. Su suka sani. Ni an taɓa ni, kuma na gane cewa mace a ƙasar nan ajiya take yi da gwal. Ranar da ta shiga matsi za ta kai shi kasuwa, wanda zai gwada kuma ba ruwansa da labarin yadda ka sha wuya a rami.

Kuskure na biyu, wanda har yanzu yake ba ni haushi in na ji: "Ai ni na haƙo, kyauta na samu, zan iya karya farashi." Kyauta? Kuɗin niƙa fa, da abincin yara, da man janareta, da wata ukun da ka yi kana wanke ƙasa ba ka ga ko ƙyalli ba? Gwal ɗin da ke hannunka kuɗinsa shi ne abin da za a ba ka yau in ka sayar da shi ɗanye. A kan wannan za ka ɗora tacewa, da raguwar wuta, da kuɗin aiki. In ka ƙera sarƙa ka sayar da ita ƙasa da haka, wahala ka yi wa mai saye a banza. Raguwar nan ma mutane ba sa lissafa ta: curin gwal da aka ƙona don raba shi da zaiba, ruwan ƙarfen da ake kama gwal da shi, yana sake raguwa in aka narka shi, kada ka yi ciniki da nauyin farko.

Sai yanke farashi tun ranar da aka ba da aiki. Farashin gwal da dala yake tafiya, a kan oza mai giram 31.1, ita kuma naira kowa ya ga abin da ya same ta tun daga 2023. Aikin sati uku yana iya cinye ribarka tas. Ni gwal ɗin nake fara sayarwa: a auna a gaban mai shi, a biya kuɗin ranar lakadan, sannan mu yi cinikin kuɗin aiki daban. Wannan ya raba ni da bashi, ya kuma dace da abin da malamai ke faɗa cewa cinikin zinare hannu da hannu ne. Mai cewa "in an yi albashi zan cika", a ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Ƙona zaiba a tsakar gida ko niƙa dutse kusa da yara, wannan ba ma kuskuren kasuwa ba ne. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, aka sake gani a Shikira ta jihar Neja a 2015. Wanda bai ji wannan ba, ban san me zan gaya masa ba.

Takarda kuma a nema. Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma ɗage haramcin Zamfara da aka yi a Disamban 2024 bai mayar da mai haƙa ba izini halastacce ba. Shiga ƙungiyar masu haƙa mai rajista ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Ɗora hotonka a bakin rami a Facebook ko TikTok da gwal a tafin hannu, gayyatar ɓarayi ne. Zoben gwal na maza ba shi da kasuwa a cikin Musulmi, yi musu na azurfa. Duwatsun ado a auna su daban, kada a sayar da gilashi a farashin gwal. Kada ka cika liƙi da ƙaramin karat, a mahaɗa masu gwaji ke fara gogawa. Rasit ya ɗauki nauyi da karat da kwanan wata.

Kuma ka daina barin yaron shago yana share ƙurar aiki waje. Ni fata nake shimfiɗawa a ƙarƙashin teburi, duk abin da zarto ya zubar da tsumman goge-goge suna shiga gwangwani ɗaya. Sau ɗaya a shekara, gab da azumi, nake ƙona su in narka.