Idan Bature ya ce maka "strict"

Makon farko da na kai ɗana makaranta a Manchesta, malamar ajinsu ta kalli takalminsa mai ratsin fari, ta yi murmushi, ta ce mini su "strict" ne a kan yunifom. Ganin fara'arta, sai na ɗauka magana ce ta fatar baki. Bayan kwana biyu sai ga takarda a jakar yaro: baƙin takalmi zalla ake so, kafin Litinin.

A wajen fassara na yi kuskure. Mu idan aka ce wane yana da tsanani, abin da muke hangowa shi ne ɗaure fuska da tsawa, wataƙila har da bulala. Bature yana da kalmomi dabam na wannan: "stern" ga mai murtuke fuska, "harsh" ga wanda ya wuce gona da iri. Ita "strict" ƙa'ida ce da ba ta lanƙwasuwa. Babu alfarma, babu sanayya, babu "don Allah a duba mini". Mutum zai tarbe ka da fara'a, har ya haɗa maka shayi, amma ranar da aka sa ba za ta gusa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk inda ka gan ta a rubuce, ka tsaya ka karanta sau biyu, ko a bango ne an ce "strictly no parking", wato an hana ajiye mota sam, ko a takardar biza. Makarantun Ingila ma haka suke a kan fashin zuwa makaranta. Ranar Sallah ana ba yaro izini, amma ka kwashe iyali zuwa gida mako biyu ana cikin zangon karatu, tara na iya biyo ka: fam 80 a kan kowane yaro, uba nasa, uwa nata, tun daga Agustan 2024. Idan kwana 21 suka wuce ba ka biya ba, ta koma 160.

Iyaye, a nan nake so ku kula sosai. Ka ce wa malami kai uba ne "strict", zai fahimci kana sa lokacin barci, kana ƙwace waya idan dare ya yi. Duka ba ya cikin ma'anar. A cikin yankunan Birtaniya, Sikotilan ta haramta dukan yaro kwata-kwata a 2020, Wales ta bi sahu a 2022.

Sai wadda ta fi sa mutanenmu faɗuwar gaba. Wata abokiyar aikina ta taɓa tambayata ko ni "strict Muslim" ne. Na yi tsam, na zaci tsattsauran ra'ayi take jingina mini. Ashe walimar ofis take shiryawa, tana son ta san ko ina cin naman da ba halal ba, kamar yadda suke cewa "strict vegetarian" ga wanda ko romon nama ba ya taɓawa. Na ce mata e, haka nake. Ran walima sai ga faranti na kifi da shinkafa an rufe, da sunana a kai.