Yadda sabon kamfani zai tsara zaman aiki don ya samu ƙwararru

Kamfani mai ma'aikata biyar zuwa ashirin ba zai iya gogayya da banki wajen albashi ba. Mai haɗa manhaja a Kano ko Kaduna yana iya zama a ɗakinsa ya yi wa kamfanin ƙetare aiki a biya shi da dala. Abin da ƙaramin kamfani zai jawo shi da shi shi ne tabbas: ya san aikinsa, ya san ranar albashinsa, ya san wanda zai ba shi umarni.

A fara da takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki, amma gara a miƙa masa tun ranar farko. A rubuta albashi, lokacin shiga da tashi, wa'adin sanarwa kafin rabuwa, da hutun shekara. Doka ta ce aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12. Mai son riƙe gwani sai ya ƙara. "Ai mun yi magana da baki" ita ce kan zama mafarin rigima.

Sai ranar albashi. A tsayar da ita, misali 25 ga wata, kuma kada a ɗauki sabon mutum sai an ware albashinsa na wata uku a asusu daban. In za a makara, a faɗa tun saura mako guda. Ma'aikata suka kai 15, fansho ya zama dole: kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga albashi. A cire ba a tura ba cin amana ne, kuma ba ya ɓuya, don ma'aikaci yana iya duba asusunsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar dangi. Kawu zai turo ɗansa, suruki zai turo ƙanensa, ƙin karɓa kuma da nauyi. Mafita ita ce ƙa'ida ɗaya ga kowa: gwajin aiki na kwana biyu, a biya mutum ladan kwanakin, wani daban ya duba sakamakon. In ɗan gida ya ci, a ɗauke shi, amma a sa shi ƙarƙashin wanda zai iya tsawata masa. In ba haka ba, ya makara babu mai magana, ya ɓata aiki wani ya gyara a ɓoye. Gwanin da aka sha wahalar samu ba zai yi ƙorafi ba. Shiru zai yi, bayan wata biyu a ga takardar ajiye aiki.

Kunya ma sai an yi mata dabara. Yaro ba ya musu da babba a gaban jama'a, ko da ya hango rami. Don haka a taron safiyar Litinin, wanda bai kamata ya wuce minti 20 ba, ƙarami ya fara magana, mai kamfani ya zama na ƙarshe. Da zarar an ji "Alhaji ya ce", shawara ta ƙare. Yabo a yi shi a fili, gyara kuwa a keɓe.

Lokutan sallah, fitar Juma'a da sassaucin azumi a rubuta su cikin jadawali, kada su zama alfarma. Haka Lahadi da bukukuwan ma'aikata Kirista. Saƙon aiki a WhatsApp bayan isha'i ya jira safiya. Mata ƙwararru sukan duba abu uku: banɗaki nasu, tashi kafin magariba, da hutun haihuwa na mako 12.

A tallar neman ma'aikata kuwa, a bar "mu iyali ɗaya ne". A rubuta aikin da mutum zai yi a wata ukun farko, da albashin daga nawa zuwa nawa.