Kafin ku sayi DAC a Banex

'Yan uwa masu shirin sayen DAC (na'urar da ke juya lambobin waƙa daga kwamfuta zuwa sautin da hedfon ke fitarwa) a Banex, kasuwar kayan lantarki da ke Abuja, ku tafi da hedfon ɗinku da waƙar da kuka sani sarai. Wajen gwada DAC biyu ku daidaita ƙararsu, don wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne zai ce ta fi daɗi.

Kada a ruɗe ku da kebul ɗin USB mai tsada na haɗa DAC da kwamfuta. Lambobi yake ɗauka, mai sauƙin kuɗi ma ya wadatar in dai lafiyayye ne. Abin da ya fi ɓata sauti shi ne hayaniyar wuta da ke biyo shi daga kwamfuta, musamman a kan janareta. In kun ji zuuu, ku zare cajar laftof ku saurara da batir. In ya ɗauke, DAC ɗin ƙalau yake, caja ko soket za ku canza.