Yadda Ake Gano Kalmar Falsafa da Ta Kwanta Maka

Ɗalibin adabi yakan zauna sharhin wani labari, ya san akwai kalmar da malami ya faɗa a aji wadda ta dace da halin da jarumin yake ciki, amma ta kwanta masa. Kalmomin falsafar wanzuwa, wadda Turawa ke kira existentialism, sun fi kowaɗanne yin wannan ɓatan dabo, domin da yawansu ko a Turanci baƙi ne. Daga Faransanci, Jamusanci da harshen Denmak aka ɗauko su.

Da farko ka daina bin sautin kalmar. Cewa "da A ta fara" ba zai kai ka ko'ina ba, tunda absurd da angst da alienation da anomie duk da A suka fara. Ɗauki takarda ka rubuta da Hausa, a jimla guda, abin da ke damun mutumin cikin labarin. Ita wannan jimlar ce za ta yi maka jagora.

Sai ka gwada ta da manyan kalmomin fannin. In mutumin yana neman ma'anar rayuwa, duniya kuma ta yi masa shiru, absurd kake nema. Albert Camus, haifaffen Aljeriya, ya yi bayaninta a 1942 da labarin Sisyphus, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa ƙolin tsauni, dutsen ya gangaro, ya sake turawa har abada. In kuwa fargaba ce ta kama shi alhali babu takamaiman abin tsoro a gabansa, wannan angst ce. Kierkegaard, masanin falsafa ɗan Denmak, ya rubuta littafi a kanta a 1844, ya kamanta ta da jirin da ke ɗibar mai leƙa rami mai zurfi, sai dai ramin a nan 'yancin zaɓi ne. In jarumin yana kukan cewa ba a shawarce shi kan gida ko zamanin da aka haife shi ba, tsintar kansa kawai ya yi a ciki, Geworfenheit ce, kalmar Jamusanci mai nufin jefo mutum cikin duniya, daga littafin masanin falsafa Heidegger na 1927.

Wadda ta fi ɓace wa mutane, a ganina, ita ce ta masanin falsafa Bafaranshe Jean-Paul Sartre, mauvaise foi, wato yaudarar kai. A littafinsa na 1943 ya kawo sabis na wani gidan shan kofi a misali. Takunsa ya cika sauri, rusunawarsa ga baƙi ta yi yawa, yana ɗauke da faranti da wata ƙwarewa ta nuna kai. Ya mayar da kansa sabis zalla, tamkar ba shi da ikon ajiye farantin ya kama wata hanya. To duk inda ka ga jarumi yana yaudarar kansa, yana cewa "ya zan yi, haka nake" don ya guje wa nauyin zaɓi, ka same ta.

Bayan haka ka tuna da wane harshe ka fara jin kalmar, domin ra'ayi ɗaya yakan zo da suna biyu ko uku. Wanda ya yi karatu a Yamai ko Damagaram ya san mauvaise foi da angoisse, na Kano ko Zariya kuma bad faith da anguish ya ji. Littafin Kierkegaard ɗin nan ma, tsohuwar fassararsa ta Turanci dread ta ce, ta baya ta ce anxiety. Sau da yawa kalmar tana gabanka a shafi, ba ka gane ta ba ne don ta sauya riga.

Sannan ka tace maƙwabtan kalmomi masu kama da waɗannan. Anomie ta masanin zamantakewa Durkheim ce, tana maganar rushewar ƙa'idojin al'umma. Alienation ta fi shahara a bakin Marx, kan ma'aikacin da aka raba da amfanin guminsa. Nihilism kuwa, wato ra'ayin cewa babu abin da ke da ma'ana ko daraja, ita ake yawan rikitawa da absurd, alhali Camus bai ce a saduda ba, cewa ya yi a ci gaba da tura dutsen. Shi kansa ma ya ƙi yarda a jingina shi ga 'yan falsafar wanzuwa, don haka a yi hattara wajen sa shi a sahu ɗaya da Sartre a takardar jarrabawa.

In ka rage kalmomin zuwa biyu ko uku, juya jimlarka ta farko zuwa Turanci ko Faransanci, ka haɗa da sunan marubucin da kake zato, ka bincika a intanet. Stanford Encyclopedia of Philosophy kyauta ne, masana ne kuma ke rubuta shi. Kada ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da ya fara fitowa. Buɗe jerin kalmomin da ke bayan littafin marubucin, ka nemo shafin, ka karanta sakin layin gaba ɗaya, ka ga ko mutumin da ake siffantawa a wurin ya yi kama da jarumin labarinka. In bai yi ba, koma kan jimlar da ka rubuta, mai yiwuwa damuwar jarumin ce ba ka kama daidai ba.