Yadda ake kare yara a tarukan ƙungiyar matasa

Daga lokacin da uwa ta saki hannun ɗanta a ƙofar wurin taro har zuwa lokacin da za a damƙa mata shi, amanar yaron tana wuyan ƙungiya. Ko sansani ne na kwana uku, ko gasar ƙwallo, ko darasin awa biyu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Saboda haka saurayin nan ɗan shekara 17 da ya fi shugaban ƙungiya tsawo, shi ma yana cikin lissafi.

Kafin mu shiga matakai, akwai maganar da nake so ta zauna a zukatanku: kada ku jingina tsaron yara da kyawun halin ma'aikatanku. Yawancin yaran da aka ci zarafinsu ba baƙo ne ya cuce su ba, wanda suka sani ne, wanda iyayensu ma suka saki jiki da shi. Ƙungiyar Boy Scouts ta Amurka, duk da girmanta da daɗewarta, a watan Fabrairun 2020 ta je kotu ta bayyana karayar arziki saboda ƙararrakin lalata da yara, kuma mutum sama da 82,000 ne suka shigar da ƙorafi, da yawa kan abin da ya faru da su shekaru da dama da suka wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikinku shi ne toshe tsagar tun kafin ranar taro.

Mataki na farko: ku rubuta ƙa'ida, ku ɗora wa wani alhaki

Shafi biyu sun isa, matuƙar an faɗi abin da aka yarda da abin da aka hana cikin harshen da kowa zai gane. Kowane babba ya karanta ya sa hannu, har da shugaba da mai ɗaukar nauyin ƙungiya. Sannan ku naɗa mutum biyu, mace da namiji in zai yiwu, waɗanda duk wani ƙorafi zai je wurinsu. Iyaye su san sunansu da lambar wayarsu, yara su san fuskarsu. Ku kuma rubuta inda za a kai magana idan su ɗin ne ake zargi, ko kuma shugaban da kansa.

Mataki na biyu: tantance duk wanda zai kusanci yara

Ƙungiyoyi da yawa suna ƙarancin 'yan sa-kai, shi ya sa duk wanda ya ce zai taimaka sai a karɓe shi hannu bibbiyu. Nan ne ake yin kuskure. Ku nemi katin shaidarsa, da sunan mutum biyu da ba 'yan uwansa ba waɗanda suka taɓa ganin yadda yake hulɗa da yara. Ku kira su da kanku, ku tambaye su kai tsaye: "Za ka iya barin ɗanka a hannunsa ya kwana?" Ku saurari amsar, ku kuma saurari jinkirin da aka yi kafin a ba ta. Inda hukuma take ba da takardar binciken laifuka, kamar yadda hukumar DBS take yi a Ingila tun 2012, ku nema. Amma ku tuna takarda mai tsabta tana nuna ba a taɓa kama mutum ba ne kawai. Direba da mai gadi da mai ɗaukar hoto, duk wannan tantancewar ta shafe su.

Mataki na uku: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro

Da za a ce in zaɓi doka ɗaya tak, wannan zan zaɓa. A kowane lokaci manya biyu su kasance a wurin, kuma duk abin da babba yake yi da yaro ya zama ana iya gani, ana iya katse shi. Idan yaro yana buƙatar magana ta sirri, a koma gefen fili inda ido yake kaiwa amma kunne ba ya ji, ko a bar ƙofa a buɗe.

Ƙungiyar NSPCC mai kare yara daga cin zarafi a Birtaniya tana ba da shawarar babba ɗaya ga yara 6 'yan shekara 4 zuwa 8, ɗaya ga 8 idan 'yan shekara 9 zuwa 12 ne, ɗaya ga 10 daga shekara 13 zuwa sama. Ko da yara uku ne kacal suka zo, manya biyu dai za su tsaya.

Wahalar dokar ba a zauren taro take ba, a gefe-gefe take. A mota, lokacin da wani ya ce "ai hanyata ce, bari in sauke ta a gida". A banɗaki da wurin canja kaya. A ɗakin kwana, inda ya kamata manya su kwana daban amma kusa, maza da mata daban, kuma kada a haɗa ɗan shekara 16 da ɗan shekara 9 a ɗaki ɗaya, domin wani kaso na cutarwar daga manyan yara yake fitowa. Sai kuma waya. Babba ba ya aika wa yaro saƙo shi kaɗai ta WhatsApp ko Instagram. Saƙo ya bi ta hannun iyaye, ko ta rukunin da wani babban yake ciki.

Dalilin wannan tsanani shi ne mai mugun nufi ba ya farawa da ɓarna. Yakan zaɓi yaron da ya ga yana neman kulawa, ya riƙa fifita shi, ya ba shi kyauta, ya shiga jikin iyayensa, ya fara da ƙananan sirrika irin su "kada ka gaya wa kowa na ba ka wannan". Yana gwada iyaka kaɗan-kaɗan ya ga ko wani zai yi magana. Idan kuna da doka, ba sai kun tabbatar da niyyar kowa ba. Ya isa a ce masa, "Malam, ba ma yin haka a nan." Mutumin kirki zai gyara, dokar ma ta kare shi daga zargi. Wanda kuwa ya yi ta neman a ɗauke masa dokar, ku sa masa ido sosai, ko da shi ne ya fi kowa hidima.

Mataki na huɗu: takardar izinin iyaye da duba wuri

Kada yaro ya shiga sai da izini a rubuce. Takardar ta ƙunshi lambar waya biyu, da sunan wanda aka yarda ya ɗauke shi, da larurar da yake da ita kamar asma ko sikila ko farfaɗiya, da maganin da yake sha, da ko an yarda a sa hotonsa a intanet. Ku zagaya wurin da ƙafa kafin ranar: ƙofofi nawa ne, ina lungu, ina asibiti mafi kusa. Idan akwai ruwa, ko tafki ne ko wurin ninƙaya, a ware mutum wanda ba shi da wani aiki sai kallon ruwan, domin yaron da ke nutsewa yawanci ba ya iya ihu. A samu akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya amfani da shi. A ƙirga yara kafin a tashi, bayan an isa, da duk lokacin da aka canja wuri.

Mataki na biyar: ku gaya wa yaran

Minti biyar a farkon taro. Jikinku naku ne, kuna da ikon cewa a'a ko ga babba, babu sirrin da ya fi ƙarfin a gaya wa iyaye, ga kuma mutum biyun da za ku samu.

Mataki na shida: idan yaro ya buɗe baki

Da wuya ya zo da magana a tsare. Wataƙila yarinya ce za ta tsaya kusa da ke kina tattara kujeru, tana murza bakin rigarta, ta ce, "Anti, in na faɗa miki wani abu ba za ki faɗa wa kowa ba?" Kada ki yi mata wannan alkawarin. Ki ajiye kujerar, ki sunkuyo daidai tsawonta, ki ce za ki gaya wa wanda zai taimaka mata ne kaɗai. Ki saurara ba tare da zaro ido ko salati da ƙarfi ba, don firgicinki zai iya rufe mata baki. Kada ki sa mata magana a baki da tambaya irin "Malam wane ne ya taɓa ki, ko?" Ki ce kawai, "Sai me ya faru?" Ki faɗa mata ta yi daidai da ta yi magana, kuma ba laifinta ba ne.

Da kin rabu da ita, ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da rana da lokaci, a ranar nan ki miƙa wa wanda aka naɗa don karɓar ƙorafi. Wanda ake zargi a janye shi daga wurin yara nan take, ba tare da an yanke masa hukunci ba. Kada a haɗa shi da yarinyar wai don a ji ta bakin kowa, kada kuma ƙungiya ta mai da kanta kotu. Bincike aikin 'yan sanda ne da hukumar kula da walwalar yara. A sanar da iyaye, sai fa idan a gida ake zargin cutar take. Idan akwai alamar fyaɗe, a kai ta asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, domin maganin rigakafin cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki.

Na san irin maganar da ke tasowa a nan: a rufa asiri, kada sunan ƙungiya ya ɓaci, ai mutumin yana da iyali. Duk ƙungiyar da ta sallami mutum a asirce ba tare da sanar da hukuma ba, ta tura shi ne wajen wasu yaran.

Mataki na ƙarshe: miƙa yaro

Ƙarshen taro, lokacin da kowa ya gaji, shi ne lokacin da aka fi sakaci. A miƙa yaro ga wanda sunansa yake takarda kaɗai, ya sa hannu. Idan wani ya zo ya ce an aiko shi, a kira iyayen a ji daga bakinsu. In kuwa dare ya yi ba a zo ɗaukar yaro ba, manya biyu su zauna da shi a wuri mai haske, ana ta kiran lambobin nan biyu har a samu wani.